Saura Yatsa Biyu

Wata goma ina tara kuɗin nan
a gwangwanin madara, bayan buhunan siminti,
don Kirsimeti ya same mu a wurin wasan nan na Santa Katarina,
ni da mahaifiyata Zuleide da 'yata Tainá.
Kwana da yini a bas daga Minas.
Muka sauka ƙafafu sun tashi kamar burodi.

A bakin ƙofa aka ɗaura mana awarwaron roba,
shuɗi, shaidar mun biya har da ɗakin kwana.
Inna ta jujjuya nata, ta ce irinsa aka ɗaura mata
bara a asibiti, ranar da aka duba zuciyarta.
Na yi kamar ban ji ba.

Rana na dukan ƙeya.
Disamba a ƙasarmu da zafi take zuwa, kowa ya sani,
amma sun kafa itacen roba mai tsawon bene biyar,
sun shimfiɗa auduga a rufin shaguna,
ga wani bawan Allah cikin jar riga da gemun aro
yana kaɗa ƙararrawa, gumi na bin wuyansa.
Tainá ta miƙa masa ruwanta.
Ya waiga hagu, ya waiga dama,
ya ɗage gemun, ya sha.

Layi. Layin gugguru, layin bayan gida,
layin jirgin nan da ke hawa sama ya kife da mutane
kamar mai zazzage aljihun wando.
Minti tamanin muna ja da ƙafa.
Da muka iso, yaron ƙofa, Gilmar aka rubuta a ƙirjinsa,
ya jingina Tainá da sandar awo.
Saura yatsa biyu.
Ta yi ɗage, ya girgiza kai.
Ta tayar da gashinta sama, ya yi dariya,
bai dai buɗe ba.

Kafin hawaye su iso haɓa
Inna ta cire tabarau, ta cire haƙoran roba,
ta naɗe a hankici ta danƙa min.
"Ba za a yi asarar layi ba."
Na nuna mata allon gargaɗi ga masu ciwon zuciya.
Ta ce ba ta gani, tabarau na hannuna.

Ni da ke taka katako a hawa na tara
ina raba bulo ina fito,
yau ga ni a ƙasa gwiwa na kaɗawa.
Jirgin ya hau, ƙas, ƙas, ƙas,
ya tsaya a ƙoli kamar mai shawara.
Sai ya saki.
Cikin ihun mutum ashirin na tsinci nata,
muryar da ke kirana cin abinci
tun daga ƙarshen unguwa.

Ta sauko gashi a tsaye, baki wayam, tana ƙyaƙyatawa.
Hotonta na kan allo, kuɗinsa ya kai ladan yinina.
Na ɗauka da waya a sace. Ya fito dishi-dishi.

Ƙarfe tara aka rage fitilu, aka ce ga dusar ƙanƙara.
Injuna a kan rufi suka feso fari,
yara na tsalle, manya na ɗaga waya.
Tainá ta buɗe baki, ta tofar: "Baba, sabulu ne!"
Inna ta tara hannu biyu ta shafa,
ta ce ko ba komai mun wanke fuska da kuɗinmu.

Yanzu dare ya raba, fanka na juyawa.
Ragowar kuɗin na kan gado, ba su kai na ƙirga sau biyu ba.
Tainá ta yi barci da tambaya a baki:
yatsa biyu, wata nawa ke nan?
Inna na kwance, hannu ya zubo gefen katifa,
shuɗin awarwaro bai fita ba.
Na matsa kusa, na kasa kunne.

Minshari take.